Rabin Maki a Monza

Ranar Asabar, 31 ga Agusta, 2024, a filin tseren motoci na Monza da ke arewa da birnin Milan a ƙasar Italiya, bayan wanda ya zo na ɗaya ya riga ya wuce, an kaɗa masa tuta, jama'a sun yi masa tafi, masu ɗaukar hoto kuma sun karkata gare shi, sai ga waɗansu motoci biyu sun doso layin ƙarshe kafaɗa da kafaɗa, kowane direba ya take totur har ƙasa, suna rige-rigen abin da a idon mai kallo bai taka kara ya karya ba, wato matsayi na takwas, wanda ladansa maki ɗaya ne tak. Ɗayansu Gabriel Bortoleto ne, saurayi ɗan ƙasar Barazil mai shekara 19 a lokacin. Ɗayan kuwa Dennis Hauger, mutumin Norwe. Suka keta layin, aka duba agogo, agogo ya ce lokacinsu ɗaya ne, alhali kuwa agogon nan yana tsaga daƙiƙa guda gida dubu. Alƙalan tsere suka bi diddigin al'amarin, ba su sami hujjar da za su fifita wani a kan wani ba, sai suka yanke hukunci cewa a raba makin biyu, kowa ya ɗauki nusufi.

Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ake magana a kansa, sai ya ƙaddara mota tana gudun kilomita 290 a awa guda. Irin wannan mota, a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, abin da za ta ci na ƙasa kimanin santimita 8 ne, wato faɗin tafin hannun babban mutum. To, bayan zagaye 21 a kan hanya mai tsawon kilomita 5.793, tazarar da ke tsakanin waɗannan samari biyu ba ta kai ko wannan ba. Malamanmu na fiƙihu sun san irin wannan mas'ala tun da daɗewa, ta mutum biyu da suka yi jayayya a kan abu ɗaya, hujjojinsu suka yi kunnen doki, aka raba shi a tsakaninsu. Amma a tseren mota, inda aka ƙera na'urori musamman don kada a taɓa rasa wanda ya riga wani, abu ne da ba safai ake gani ba.

Wannan gasa sunanta Formula 2, ita ce matakalar ƙarshe kafin Formula 1, kuma ƙarƙashin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, take. An fara ta da wannan suna a 2017, ta gaji wata mai suna GP2 wadda aka yi daga 2005 zuwa 2016. A shekarar 2024 ƙungiyoyi 11 ne suka shiga, kowace da motoci biyu, aka zaga filaye 14, aka yi tsere 28. Motocin masu kujera ɗaya ne, tayoyinsu a waje, direba yana kishingiɗe a ciki kamar wanda aka zura a kube. Babban abin da ya bambanta ta da Formula 1 shi ne a nan ba wanda ke ƙera tasa motar: gangar jiki duka daga kamfanin Dallara na Italiya take, inji daga Mecachrome na Faransa, mai ƙarfin doki 620, tayoyi kuma daga Pirelli. Hikimar haka ita ce a kawar da uzuri, ta yadda in aka ga wani ya yi fintinkau, za a san daga hannunsa ne da kuma basirar injiniyoyin da ke daidaita masa motar. Ko da yake, a faɗi gaskiya, daidaiton bai cika ba, domin kujera a ƙungiya mai kyau tana cin miliyoyin Yuro a shekara, wanda kuwa ba shi da uba mai hali ko wani babban kamfani da ya tsaya masa, ko ƙofar filin ba zai leƙa ba.

Tsarin kwanakin tsere kuwa ga yadda yake. Ranar Juma'a akan ba direbobi minti 45 su gwada hanya, sa'an nan a ba su minti 30 na neman gurbi, inda kowa zai yi iyakar gudunsa shi da agogo, a jera su bisa ga saurinsu. Wannan jeri shi ake bi ranar Lahadi a babban tsere, mai nisan kimanin kilomita 170, wanda a cikinsa wajibi ne kowa ya tsaya wurin makanikai ya sauya tayoyi, na ɗaya kuma ya kwashi maki 25, na biyu 18, na uku 15, har zuwa na goma. Amma ranar Asabar akwai gajeren tsere, mai nisan kimanin kilomita 120 ko minti 45, babu tilascin tsayawa, kuma a nan ne ake yin abin da baƙo zai ɗauka zalunci ne tsagwaronsa: akan kifar da jerin mutum goma na farko, wanda ya zo na goma ranar Juma'a ya tashi daga gaba, wanda ya fi kowa sauri ya koma na goma. Ladan ma kaɗan ne, 10 ga na ɗaya, sai 8, 6, 5, 4, 3, 2, da 1 ga na takwas, da ƙarin maki guda ga wanda ya yi zagaye mafi sauri in ya ƙare cikin goma na farko.

Mutane da yawa sun soki wannan kifarwa, suna cewa ta yaya za a saka wa ƙoƙari da koma-baya, kuma maganarsu ba ta rasa madafa. Ni dai ra'ayina ya karkata ga waɗanda suka kafa ƙa'idar, saboda gasar makaranta ce kafin ta zama wani abu, manyan ƙungiyoyin Formula 1 kuma, waɗanda rumfunansu ke nan kusa a fili ɗaya a kwanaki ɗaya, abin da suke son gani ya wuce gudu a hanyar da ba kowa. Suna son su ga yaron da aka jefa cikin cunkoso, gabansa mota, bayansa mota, tayoyinsa suna cinyewa kuma ba damar sauyawa, shin zai yi haƙuri ya jira ƙofa ta buɗe, ko zuciya za ta ɗebe shi ya kutsa inda babu hanya ya karya fukafukin motarsa. Ranar Lahadi dabarar injiniya da sa'ar lokacin tsayawa suna iya rufa wa direba asiri. Ranar Asabar babu mai rufa masa.

Mutum biyu ne gasar 2024 ta tattaru a kansu daga ƙarshe, kuma tsararrakin juna ne, kwana 16 ne kawai tsakanin haihuwarsu. Isack Hadjar, haifaffen birnin Faris ne, iyayensa asalinsu Aljeriya, an haife shi ranar 28 ga Satumba, 2004; yana cikin yaran da kamfanin Red Bull ke reno, yana tuƙa wa ƙungiyar Campos ta ƙasar Sifen, kuma wannan ce shekararsa ta biyu a gasar. Bortoleto kuwa an haife shi ranar 14 ga Oktoba, 2004, a jihar Sao Paulo. Ya ci kambin Formula 3, gasar da ke ƙasa da Formula 2, a 2023 a shekararsa ta farko, ƙungiyar McLaren ta Formula 1 ta ɗauke shi reno, kamfanin tsohon zakaran duniya Fernando Alonso ke kula da harkokinsa, yana kuma tuƙa wa Invicta ta Ingila a matsayin sabon shiga. Halayensu sun sha bamban. Hadjar mutum ne mai zafin nama da zafin zuciya, wanda in abu ya ɓaci duniya za ta ji muryarsa ta rediyon da ke tsakaninsa da injiniyansa. In kuwa ranarsa ce, kama shi sai an shirya. Bortoleto ya fi sanyin hali, irin mutanen nan ne da ba sa raina kwabo.

Tun farkon shekara ƙaddara ta haɗa su. A Baharain, a kwanar farko ta babban tsere, Bortoleto ya bugi motar Hadjar, aka hukunta shi, Hadjar kuwa tserensa ya ƙare nan take. Da aka je Melbon ta Ostireliya sai reshe ya juye: a tashin gajeren tsere Hadjar ya karkato, ya matse abokin ƙungiyarsa Pepe Martí, shi kuma ya afka wa Bortoleto, su biyun suka fita, Hadjar ya ci gaba har ya zo na ɗaya, amma alƙalai suka ƙara masa daƙiƙa 10, nasarar ta koma hannun Roman Staněk. Kashegari Hadjar ya huce haushinsa, ya ci babban tseren. Ya sake ci a Imola, da Silverstone, da Spa ta Beljiyam, manyan tsere huɗu ke nan, alhali Bortoleto guda ɗaya ya ci, a Ostiriya, sauran duk tsince-tsince ne na biyu da na huɗu da na biyar. Zane Maloney na Barbados ya riƙe ragamar gasar da fari, Paul Aron na Estoniya ya karɓa, amma ya zuwa hutun watan Agusta Hadjar ne a sama da maki 165, Bortoleto yana da 129. Tazarar maki 36, saura filaye huɗu.

Monza fili ne mai tarihi, an gina shi a 1922 a cikin wani gandun sarauta mai manyan itatuwa, kuma a duk filayen da Formula 1 ke zuwa babu inda matsakaicin gudu ya kai nasa. Hanyar dogaye ce miƙaƙƙu, sai 'yan kwanoni masu sunaye da duk mai bin wannan wasa ya haddace: Rettifilo, inda ake taka birki mai tsanani bayan doguwar miƙaƙƙiya, da Curva Grande, da Roggia, da Lesmo guda biyu, da Ascari, da Parabolica, wadda ita ce ta ƙarshe. Sirrin filin yana cikin iska. Motar da ke gaba ita ke tsaga iska, ta bar rami a bayanta, wadda ke biye kuma in ta shiga ramin nan sai ta sami sauƙi, ta ƙara gudu ba da ƙarin ƙarfi ba, ta fito gefe ta wuce. Saboda haka a Monza wanda ke gaba ba ya samun sukuni, kuma tseren kan ƙare a cakuɗe. A 1971 Peter Gethin ya ci babbar gasar Italiya da tazarar kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa a kan Ronnie Peterson, motoci biyar na farko duk suka wuce cikin ƙasa da daƙiƙa guda. In akwai filin da za a yi kunnen doki a cikinsa, to, wannan ne.

Wannan iska ita ce kuma fitinar ranar Juma'a, domin kowa yana son ya sami wanda zai bi a baya, ba wanda ke son ya zama mai tsaga wa wasu. A cikin wannan hali ne Bortoleto, tun bai rubuta wani lokaci na kirki ba, motarsa ta ƙwace masa, ta juya, ta faɗa cikin tsakuwar da ake zubawa a gefen hanya don tare motoci, ta kafe. Aka ɗaga jar tuta. Hukuncinsa a bayyane yake: zai tashi daga na 22, wato ƙarshen sahu, ranar Asabar da ranar Lahadi duka, tun da kifarwar nan mutum goma na farko kaɗai ta shafa. Maloney ya ɗauki gurbin farko, Hadjar yana sahun gaba tare da shi. Duk mai hankali da ya dubi takardar sakamako a yammacin nan zai ce magana ta ƙare, sai dai a jira ranar naɗi.

Ba a ma cika kula da Bortoleto da Hadjar ba a makon, don labarai sun yi yawa. Ranar Juma'ar nan Andrea Kimi Antonelli, wanda shi ma ɗan Formula 2 ne, an ba shi motar Mercedes ta Formula 1 ya gwada, ya buga ta da bango a Parabolica cikin 'yan mintoci, kashegari kuma aka yi shelar cewa shi zai gaji kujerar Lewis Hamilton. Franco Colapinto na Ajantina, abokin ƙungiyar Hauger har zuwa tseren da ya gabata, an ɗauke shi zuwa ƙungiyar Williams ta Formula 1 a makon. Kuma ranar Asabar ɗin ta yi daidai da cika shekara biyar da rasuwar Anthoine Hubert, wanda ya gamu da ajalinsa a tseren Formula 2 a Spa ranar 31 ga Agusta, 2019. Juan Manuel Correa, wanda ya ji munanan raunuka a ƙafafunsa a wannan haɗari, yana cikin waɗanda suka jeru a Monza a ranar. Wasa ne na samari, amma ba wasan yara ba ne.

To, a gajeren tseren, wanda zai tashi daga na 22 kuma ba a ba da maki sai ga takwas na farko, yana da uzurin da ba mai zarginsa in ya lallaɓa motarsa, ya ɗauki zagayen 21 a matsayin gwaji don gobe. Sai ya wuce motoci 14 kafin ya ga ko ƙyallin maki. Kowace wucewa kuwa tana da farashi: sai ka matso kusa da na gabanka tun daga Parabolica, inda iskar da ya hargitsa take rage wa motarka riƙon ƙasa, tayoyin gaba suna zamewa suna zafi, ka biyo shi a miƙaƙƙiya, ka buɗe ƙofar fukafukin baya in tazararku ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba, ka fito gefe, sa'an nan ka jinkirta birki fiye da shi a Rettifilo, daga gudun da ya haura kilomita 300 zuwa abin da bai fi na mai babur a cikin gari ba, ba tare da ka kulle taya ta yi hayaƙi ba. In ka kulle ta, ta sami tabo a gefe ɗaya, sitiyari zai riƙa karkarwa a hannunka har ƙarshen tsere. Bortoleto ya yi ta yin wannan, mota bayan mota, waɗansu ya wuce su da hannunsa, waɗansu kuma tsautsayi ya kawar masa da su, har ya iske kansa yana kokawa da Hauger a kan maki na ƙarshe da ya rage.

Hauger kuwa ba kanwar lasa ba ne. Shi ne zakaran Formula 3 na 2021, shekararsa ta uku ke nan a Formula 2, Red Bull sun riga sun sallame shi, ya san ƙofar Formula 1 tana rufuwa a gabansa, ba shi da dalilin yi wa kowa kara. Haka suka iso layi tare. A can gaba Oliver Bearman na Ingila, wanda a watan Maris na shekarar aka kira shi ba zato a Jidda ya tuƙa Ferrari a Formula 1 a madadin Carlos Sainz ya kuma zo na bakwai, shi ya ci tseren, Martí na biyu, Joshua Dürksen na Paraguwai na uku. Hadjar bai sami komai ba.

Abin da ya faru ranar Lahadi shi ne aka fi yayatawa, kuma ya cancanci haka, amma zan taƙaita shi. Bortoleto ya sake tashi daga ƙarshe, ya ci wasu motoci tun da wuri, sa'an nan, a daidai lokacin da na gaba suka riga suka shiga suka sauya tayoyi shi kuwa bai shiga ba, wata mota ta juya ta tsaya a kwanar farko, aka fito da motar kariya wadda ke jan ragamar kowa a hankali har a share hanya. Wanda ya sauya taya a irin wannan lokaci asararsa ta lokaci kaɗan ce, domin abokan hamayyarsa suna tafiyar hawainiya. Ya shiga, ya fito a gaban waɗanda ɗazu suke nesa da shi, ya ƙarasa aikin da hannunsa, ya ci tseren, Maloney yana biye. Ba a taɓa yin wanda ya tashi daga ƙarshen sahu ya ci tsere ba tun da aka kafa Formula 2 sai shi. Motar da ta juya ɗin nan kuwa, wadda ta zama sababin buɗin, ta Hauger ce, mutumin da suka raba maki jiya. Masu cewa sa'a ce ba su yi ƙarya ba. Sai dai sa'ar ta sauka a kan mutane da yawa da ba su shiga ba tukuna, mutum ɗaya ne ya mai da ita nasara. Hadjar ya sake tashi hannu rabbana, tazarar 36 ta dawo 10.5.

Daga nan rabin makin ya maƙale a jikin lissafin gasar kamar ƙaya a bakin riga. A Baku ta Azarbaijan, tsakiyar Satumba, Hadjar ya yi mako na biyu a jere ba maki, Bortoleto ya hau sama da 169.5 a kan 165. Sai aka shiga dogon jira na fiye da mako goma, wanda a cikinsa, ranar 6 ga Nuwamba, ƙungiyar Sauber ta bayyana cewa ta ɗauki Bortoleto zuwa Formula 1, alhali Hadjar bai san makomarsa ba tukuna. Da aka dawo a Lusail ta ƙasar Katar, Hadjar ya jagoranci gajeren tsere, Bearman ya ƙwace, Hadjar kuma ya juya da motarsa ya ƙare na huɗu, Bortoleto na biyar. A babban tseren Bortoleto ne ya fara keta layi, amma an ƙara masa daƙiƙa 5 saboda saɓa ƙa'idar layin shiga wurin makanikai, ya faɗo na uku, Aron ya ci, Hadjar na biyu. Aka tattara lissafi: Bortoleto 188.5, Hadjar 188.

A nan ne darajar wancan nusufi ta bayyana. Ƙa'ida ita ce in maki ya zo ɗaya, sai a duba wanda ya fi yawan nasarori, Hadjar kuwa yana da huɗu, Bortoleto biyu. Da Hauger ya riga shi da faɗin tafin hannu a Monza, da Hadjar ne zai shiga makon ƙarshe a matsayin jagora. Tsofaffin masu bin tsere suka tuna da 1984, shekarar da Niki Lauda ya ci kambin duniya da maki 72 a kan 71.5 na Alain Prost, saboda ruwan sama ya sa an tsayar da tseren Monako aka ba da rabin maki. Bambancin shi ne na Lauda daga sama ya sauko, na Bortoleto kuwa da guminsa ya tsinto shi a matsayi na takwas.

Filin Yas Marina na Abu Dabi shi ne zangon ƙarshe. Bortoleto ya zo na biyu a neman gurbi, wanda ke nufin ranar Asabar, 7 ga Disamba, daga na tara zai tashi. Ga mutumin da ke da rabin maki kacal a hannu, kuma ya riga ya sami kujerarsa ta baɗi, hankali zai ce ya kiyaye mota, ya bar faɗan sai Lahadi. Bai yi haka ba. Ya kutsa tun daga tashi, ya ƙare na biyu, bayan Martí, ya ɗauki maki 8. Hadjar aka lissafa shi na biyar, da maki 4. Tazara ta koma 4.5, wadda har yanzu ba ta fi ƙarfin tsere ɗaya ba, tun da tsakanin na ɗaya da na biyu a ranar Lahadi akwai maki 7.

Sai dai ranar Lahadin ba a yi faɗan da duniya ta taru ta gani ba. Tashin waɗannan motoci aiki ne mai laushi: direba yana riƙe da kuloci da yatsunsa a bayan sitiyari, ƙafarsa tana kan totur, yana kallon jajayen fitilu biyar suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, in suka mutu sai ya saki a hankali gwargwadon yadda taya za ta kama ƙasa. Fitilu suka mutu, motoci suka zabura, ta Hadjar ta tsaya cik, inji ya mutu. Na baya suka riƙa kauce masa dama da hagu. Kafin a tura shi gefe a tayar da motar, sauran sun yi masa nisan da ba a kamowa. Shekara guda ta wahala, da nasarori huɗu, suka tsaya a kan tabon fenti inda aka jera shi, ya faɗa wa injiniyansa ta rediyo cewa bai taɓa ganin lokaci mafi muni a rayuwarsa ba. Dürksen ya ci tseren, Bortoleto ya zo na biyu, ya zama zakara da maki 214.5 a kan 192, ƙungiyarsa Invicta ita ma ta ɗauki kambin ƙungiyoyi.

Adalci ya wajabta a ce rabin makin Monza bai yanke hukuncin gasar ba, tun da tazarar ƙarshe 22.5 ce. Haka nan mutuwar inji a Abu Dabi ba ita kaɗai ta kayar da Hadjar ba, ko da yake ita ce ta fi ciwo kuma ita za a fi tunawa. Lissafin da ya fi faɗin gaskiya shi ne wannan: daga Monza zuwa ƙarshe, a tsere takwas, Bortoleto ya tara maki 85.5, Hadjar ya tara 27. Wanda ya fi cin manyan tsere ya bar makonni biyu cur sun wuce shi ba ko ɗaya, ɗayan kuwa, ko a ranar da aka jefa shi ƙarshen sahu, sai da ya fito da wani abu a hannu. A ganina, in ana maganar wanda ya fi ban tsoro a ranar da motarsa ta yi masa daidai, Hadjar ne. In kuwa ana maganar wanda ya cancanci kambin shekara, alƙalami bai yi kuskure ba.

Da wannan nasara Bortoleto ya shiga sahun Charles Leclerc, da George Russell, da Oscar Piastri, waɗanda kowannensu ya ci ƙaramar gasa da wadda ke samanta a shekaru biyu a jere yana sabon shiga. Ya kuma tsira daga abin da ya sami zakarun 2022 da 2023, Felipe Drugovich da Théo Pourchaire, waɗanda suka ci kambi suka rasa kujera a Formula 1, ga shi kuma doka ta hana zakara komawa Formula 2. Hadjar ma bai yi asara ba: ranar 20 ga Disamba aka ba shi kujera a ƙaramar ƙungiyar Red Bull ta Formula 1, tserensa na farko a Melbon ya zame cikin ruwa ya bugi bango tun kafin a tashi, ya fito yana kuka har mahaifin Hamilton ya zo ya dafa shi, amma kafin shekarar 2025 ta ƙare ya hau mumbarin na uku a Zandvoort ta ƙasar Holan, aka kuma ɗaga shi zuwa babbar ƙungiyar. Kujerar da Bortoleto ya bari a Invicta, Leonardo Fornaroli ya hau ta, wanda ya ci kambin Formula 3 a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe a Monza a wannan makon da muke magana, shi ma ya ci Formula 2 a 2025.

Hauger kuwa bai ƙarasa shekarar a Formula 2 ba. Bayan Baku ya haɗa kayansa ya nufi Amurka, inda ya ci gasar Indy NXT a 2025. Duk wanda ya buɗe teburin sakamakon Formula 2 na 2024 zai ga direbobi biyu ne kaɗai jimillarsu ta ƙare da ɗigo da biyar, zakara da shi.